AMANAR MAI BARCI: WA KE TSARON IDON DA BA YA ƘIFTAWA?

 

Ya ku ƴan'uwa masu karatu, mas'alar da za mu duba a wannan fitowa ta shafi ɗakin fiɗa na asibiti, amma tambayar da ke cikinta ta girmi asibitin kansa. Idan mutum ya miƙa jikinsa ga wani, ya yarda a gusar masa da hankali na awa biyu ko uku domin a yi masa aiki, ina iyakar nauyin da ya hau kan wanda ya karɓi wannan jiki? Shin ya sauke nauyin da zarar ya mayar da mutumin da ransa, ko kuwa da sauran lissafi a kan ƙananan abubuwan da ba wanda zai tambaye shi? Za mu auna wannan tambaya da ciwo guda, domin a cikinsa take fitowa fili: ciwon da ke ƙafar da hawaye da miyau.

CIWON DA SIFFARSA

Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna rubuta sunansa a takarda Gougerot-Sjögren, wato sunayen mutum biyu. Na farko, Henri Gougerot, likitan fata ne a Faransa, shi ya ba da labarin majinyata 3 a shekarar 1925. Na biyu, Henrik Sjögren, likitan ido ne a ƙasar Suwidin, wanda a shekarar 1933 ya fitar da kundin bincikensa a kan mata 19 masu bushewar ido, 13 daga cikinsu kuma suna fama da ciwon gaɓoɓi. Daga nan aka soma gane cewa bushewar ido da ta baki da ciwon gaɓa suna iya zama rassan itace guda.

Asalin abin shi ne garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ta rikice ta juya kan gida. Sojojin jini su mamaye maɓuɓɓugar hawaye da ta miyau, su yi ta lalata su sannu a hankali har ruwan ya ragu ƙwarai. Cikin masu ciwon goma, kimanin tara mata ne, galibinsu waɗanda suka kai shekara 40 ko suka wuce. Wani lokaci ciwon ya tsaya ga ido da baki, wani lokaci ya taɓa huhu ko ƙoda ko jijiyoyi. Har yanzu ba a sami maganin da ke tumɓuke shi ba, sai na sauƙaƙawa: hawayen kwalba da ake ɗigawa a ido, yawan kurɓar ruwa, da magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki idan abin ya yi tsanani.

Mai lafiya ba ya lura da waɗannan ni'imomi biyu. Idonsa yana ƙiftawa wajen sau 15 a minti ɗaya, kowace ƙiftawa tana shimfiɗa sabon hawaye a kan siririyar fata mai haske da ke rufe baƙin ido, tana wanke ƙura, tana kashe ƙwayoyin cuta. Bakinsa yana tsatso miyau daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, wanda ke tausasa abinci, ya tsare haƙori daga ruɓewa. Mai wannan ciwo kuwa tana jin kamar an zuba mata rairayi a ido, ba ta iya haɗiye busasshen burodi sai da ruwa, tana farkawa cikin dare harshe ya manne da ganɗa, haƙoranta suna lalacewa tun ba ta tsufa ba. A ƙasa irin tamu, inda hunturu ke busa wata da watanni, wahalar ta fi yawa, kuma abu ne mai sauƙi a ɗora wa iska laifin a yi shiru. Lalle ba kowace bushewa ce wannan ciwo ba, domin ciwon sukari da tsufa da wasu magunguna ma suna busar da baki. Likita ne ke tantancewa da gwajin jini, da kuma wani gwaji mai sauƙi da Bajamushe Otto Schirmer ya fito da shi a 1903: a saƙala ɗan tsirin takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5, idan abin da ya jiƙe bai wuce milimita 5 ba, to hawaye ya yi ƙaranci.

ABIN DA ALLURAR BARCI KE KARƁEWA

Tun zamanin da, likitoci suna neman abin da zai gusar da zafin wuƙa. Ibn Sina ya ambaci tsirrai masu kashe zafi irin su afiyun da banju a littafinsa na likitanci. Amma sa barci irin na yau ya soma ne ranar 16 ga Oktoba 1846, lokacin da William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci iskar eta a wani asibitin birnin Boston na Amurka, aka yanke masa ƙari a wuya a gaban jama'a. Ba mai musun cewa wannan rahama ce babba. Sai dai barcin allura ya bambanta da barcin dare. Mai barcin dare yana juyawa idan gefensa ya gaji, yana haɗiye miyau, yana tari idan wani abu ya sarƙe shi, yana farkawa idan ƙishirwa ta dame shi. Wanda aka sa barci domin fiɗa an karɓe masa duk wannan, sau da yawa har numfashi sai na'ura ta yi masa.

To ga yadda lamarin yake ga mai bushewa, gaɓa bayan gaɓa.

Ido shi ne farko. A cikin barcin allura hawaye yana raguwa ko ga mai lafiya, ƙiftawa tana tsayawa, kuma fatar idon mutane da yawa ba ta rufuwa ruf. Shi ya sa ƙujewar fatar baƙin ido ita ce raunin ido da aka fi samu bayan fiɗa. A ido mai lafiya takan warke cikin ƴan kwanaki. A idon da dama ya bushe tana daɗewa, ƙwayoyin cuta suna iya shiga, tabon da zai rage kuma ya dushe gani. Rigakafinta shi ne a sa man ido ko a ɗiga hawayen kwalba, a rufe fatar idon da filasta tun farkon barci, a riƙa dubawa idan aikin ya yi tsawo.

Na biyu, magungunan da ake haɗawa da allurar. Akwai wani da ake kira atirofin, da ƴan'uwansa, waɗanda aka saba bayarwa domin su rage miyau da majina ko su ɗaga bugun zuciya. Sinadarin yana cikin dangin abin da ke cikin zaƙami, kuma kowa ya san yadda bakin wanda ya sha zaƙami ke bushewa ƙamas. Ba wa mai wannan ciwo irin wannan magani don al'ada kawai kamar kwashe ragowar ruwan rijiya ne a tsakiyar bazara. Saboda haka masana suka ce a kauce masa inda ba dole, ko a rage.

Na uku, hanyar numfashi. Allah Ya sanya hanci ya ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa huhu. Bututun da ake zurawa a maƙogwaro yana tsallake hanci, iskar oksijin da ke fitowa daga tukunyar ƙarfe kuma busasshiya ce. Majinar mai bushewa dama mai kauri ce. Idan ta daɗa ƙafewa sai ta toshe ƙananan hanyoyin huhu, wani sashe ya shaƙe, ciwon huhu ya biyo baya. Ana sa wata ƴar matata a bakin bututun wadda ke riƙe danshin numfashi ta mayar da shi, ana kuma kula da ƙarin ruwa ta jijiya.

Na huɗu, baki da wuya. Ƙarfen da ake ɗaga harshe da shi domin a ga maƙogwaro yana iya yage busasshiyar fatar baki ko ya karya haƙorin da ya riga ya ruɓe, sai an shafa mai an bi a hankali. Idan majinyaciyar tana da ciwon gaɓoɓi mai cin ƙashi tare da bushewar, muƙamuƙinta yana iya ƙin buɗuwa sosai, ƙasusuwan saman wuyanta kuma suna iya yin sako-sako, ta yadda tanƙwara kai da ƙarfi zai zama haɗari ga laka.

Na biyar, hana ci da sha kafin aiki. Dalilinsa mai ƙarfi ne, domin abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu a lokacin barci. An daɗe ana cewa kada a sa komai a baki daga tsakar dare. Amma tun 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da ƙa'ida cewa ga aikin da ba na gaggawa ba, abinci marar nauyi a bar shi awa 6 kafin aiki, tsurar ruwa kuwa ana iya sha har zuwa awa 2 kafin aiki, kuma takwarorinsu na Turai suna kan haka. Wadda ba ta iya awa guda ba ta jiƙa baki ba, idan aka hana ta ruwa tun dare, aka kuma jinkirta aikinta har azahar, an ɗora mata azabar da ilimi bai nema ba.

Na ƙarshe, wadda ta daɗe tana shan kortizon jikinta yakan rage yin nasa, don haka yanke shi farat ɗaya a ranar fiɗa yana iya faɗar da jini. Wani lokaci ma ƙari take bukata. Haka nan ana so a duba ƙoda da huhu kafin ranar. Inda aikin ya yarda, kamar fiɗar haihuwa ko aikin ƙafa, allurar baya mai kashe rabin jiki tana kauce wa yawancin waɗannan matsaloli, domin majinyaciyar tana farke, tana ƙiftawa da kanta, tana numfashi ta hancinta.

INA IYAKAR AMANA?

Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin ajiya cewa wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Haka suka ce game da likita: idan masani ne, an ba shi izini, ya yi aikinsa yadda masana ke yi, to ba lamuni a kansa ko da sakamakon bai yi daɗi ba, jahili mai shigar likitoci da mai sakaci su ne ke ɗaukar lamuni. Sun kuma ce mai barci da wanda ya suma ba a kama su da abin da ya faru a halin da suke ciki. Idan muka haɗa waɗannan biyu sai mu ga cewa nauyin da aka sauke daga kan mai barci bai ɓace ba, ya koma kan wanda ya sa shi barcin. Wannan mutum, ko likita ne ko ma'aikacin jinya da ya ƙware a fannin, kamar yadda aka fi samu a asibitocin yankinmu, ya gaji duk aikin da jiki ke yi wa kansa. Shi ne mai ƙiftawa a madadin ido, shi ne mai jiƙa iska a madadin hanci. Ra'ayinmu ke nan: girman amana yana bin girman gajiyawar mai ita, kuma babu wanda ya kai wanda aka sa barci gajiyawa. Jariri ma yana da kuka.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci a saurara.

Wani zai ce: an shiga da mutum tsakanin rai da mutuwa, an cire masa ƙari, ya fito yana numfashi, sa'an nan a zo ana maganar ƙaiƙayin ido? Muna amsawa da cewa rai shi ne gaba, ba shakka, amma cika babban wajibi ba ya kankare ƙaramin da aka iya yi aka bari. Wanda aka ba ajiyar raƙumi da kayansa, ya mayar da raƙumin ya zubar da kayan a hanya, ba za a ce ya cika ba. Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Matar da ke saƙa ko ɗinki ko tsintar hatsi da idonta, idan ganinta ya dushe, an taɓa abincin gidanta. Abin da ya ƙara wa wannan haƙƙi nauyi shi ne mai shi ba ta da hanyar bin sa. Ta farka ido yana yi mata zugi, ba ta ga abin da ya faru ba, ba shaida, dangi su ce ƙaddara ce. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma ba a ba mu shi don ya zama mayafin sakaci ba. Haƙƙin da mai shi bai san an tauye ba shi ne ma'aunin gaskiyar mai riƙon amana, domin ba abin da ke tsaye a kansa sai tsoron Allah da mutuncin sana'a.

Wani kuma zai ce: wannan magana ce ta asibitocin Turai, a nan majinyata sun yi yawa, ma'aikata kaɗan, kayan aiki ba su isa ba. Wannan hujja tana da rabonta na gaskiya, kuma ba a ɗora wa mutum abin da ba ya iyawa. Akwai sabbin magunguna masu tsada da ke rage bukatar atirofin, ba kowane asibiti ke da su ba, wanda bai samu ba kuma ba shi da laifi. Amma mu ƙirga sauran. Tambayar majinyaciya ko idonta da bakinta suna bushewa ba ta cin minti ɗaya. Filasta guntu biyu da ɗan man ido ba su kai kuɗin zaren ɗinki ba. Sanya ta a farkon jerin aikin safe ba ya cin ko dala. Barin wata allura da ba a bukata ma ragin kuɗi ne. Talauci uzuri ne a kan abin da ake saye da kuɗi. Abin da ake yi da lura kuwa, talaka da mai arziki duk ɗaya suke a gabansa.

Na uku zai ce: tsari guda ga kowa shi ne adalci, kuma shi ke hana kuskure. Lalle tsari yana da amfani. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin fiɗa: a tabbatar da sunan majinyaci da wurin da za a yanka, a tambayi maganin da jikinsa ba ya so, a duba wahalar hanyar numfashi da yiwuwar zubar jini. Takarda ce mai albarka, amma ba ta ambaci bushewar ido ba, kuma hukumar da kanta ta ce takardar ba ta ƙunshi komai ba, kowane asibiti ya ƙara abin da ya dace da shi. Uban da ya saya wa ƴaƴansa takalmi awo ɗaya, babba da ƙarami, ya daidaita su amma bai yi musu adalci ba. Adalci shi ne kowa ya sami abin da halinsa ke nema.

Duk da haka, maganarmu tana da iyaka, kuma wajibi ne mu faɗe ta. Idan ana tsakiyar aiki bugun zuciya ya faɗi ƙasa, atirofin shi ne abin da ake gaggawar bayarwa, ko majinyaciyar tana da bushewa ko ba ta da ita. Ƙa'ida ce sananniya cewa ana ɗaukar ƙaramar cuta domin a ture babba. Haka idan aikin na gaggawa ne, ko hanji ya toshe, hana ruwa ya zama dole. Abin da muke zargi shi ne cutarwar da ta zo daga al'ada da rashin tambaya. Wadda ta zo daga lalura, bayan an auna an zaɓa, babu zargi a cikinta.

RABON MAJINYACI DA DANGINSA

Amana tana da ɓangare biyu, kuma mai ba da ajiya wajibi ne ya faɗi abin da ke cikin ƙunshin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da yawancin masu wannan ciwo mata ne, sai mu ja hankalin mazaje da iyaye. Sau da yawa miji ko wa shi ke magana a gaban likita, matar tana sunkuye don kunya, shi kuwa bai san tana tashi sau uku cikin dare neman ruwa ba, ko ya sani bai ɗauke shi ciwo ba. A bar ta ta yi bayani da bakinta, in ta fi sakewa da ma'aikaciya mace a nema mata. Ɓoye irin wannan ba ya cikin kunyar da ake yabo.

Wadda za a yi wa aiki ta nemi ganin mai allurar barci kafin ranar. Ta gaya masa sunan ciwon in an taɓa faɗa mata, in ba a taɓa ba ta siffanta abin da take ji. Ta kawo duk magungunan da take sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya. Ta nuna haƙoran da ke motsi, ta faɗi in wuyanta ko muƙamuƙinta suna ciwo. Ta tambayi ƙarfe nawa za ta daina shan ruwa, ta kuma tsaya a kan abin da aka ce mata. Kada wani ya karanta wannan takarda ya ba majinyaci ruwa a ɓoye, domin wannan ma cin amana ne, kuma yana iya kashewa. Ta zo da hawayen kwalbarta, masu jinya su ci gaba da ɗiga mata bayan ta farka, su jiƙa mata leɓe har a ba ta izinin sha. Idan ido ya yi ja yana zugi, ko haske yana damunta, a faɗa a ranar, kada a jira sallama.

Ga ma'aikatan ɗakin fiɗa kuma, ƴan'uwanmu da ƴaƴanmu, mun san kuna tsayuwar dare da rana a kan aikin da mai amfana da shi ba ya ganin ku, in ya warke ma likitan da ya riƙe wuƙa yake yi wa godiya. Filastar da kuka manna a idon baiwar Allah tana barci ba za ta taɓa sanin da ita ba, sai dai ta farka tana gani lafiya ta koma gidanta. Wannan aiki yana rubuce a wurin Wanda ba Ya barci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙarfafi masu jinyarsu, Ya sa mu cikin masu tsare amana a fili da ɓoye.